Wata uku ina sauraron tarihi daga bakin ganau a shago, ga abin da na gani

Tun kafin azumi ne wani kwastomana, malamin makaranta, ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar na ƙure waƙa a sifika, sai yake min tsiya wai awa goma nake yi a kan keke kullum amma ba abin da ke shiga kaina sai kiɗa. Kafin ya tafi ya karɓi wayata ya sauke min wata manhaja. Ba zan faɗi sunanta ba, kar a ce biyana aka yi, kuma dama akwai inda zan caccake su a ƙasa. Aikinsu shi ne su nemo mutanen da manyan abubuwan duniya suka faru a kan idonsu su ce to ba mu labari, kowane shiri minti goma zuwa sha biyar, sati ɗaya kyauta daga nan sai biya duk wata. Da Turanci ne. Nawa Turancin na sakandare ne amma ina tsinta, inda ya gagare ni in mayar baya.

Wanda ya fara kama ni shi ne na faɗuwar katangar Balin, wadda ta raba birnin gida biyu, Gabas da Yamma, a ƙasar Jamus. Ni duk zatona wata gagarumar yarjejeniya aka zauna aka ƙulla aka sa rana, ashe kusan a ce kuskuren baki ne. Ranar 9 ga Nuwamba 1989 wani jami'in gwamnatin Jamus ta Gabas, Günter Schabowski, aka miƙa masa takarda gab da zai shiga taron 'yan jarida, bai zauna inda aka tattauna ta ba, ya karanto cewa za a bar mutane su riƙa fita ƙasar. Aka tambaye shi daga yaushe, sai ya hau jujjuya takardu ya ce iya saninsa nan take. Alhali washegari aka tsara abin zai fara, kuma sai mutum ya je ya nemi izini. Wallahi sai da na taka birkin keke na yi dariya, don sak yaron shago ne da ya sa almakashi a shadda kafin ya gama jin awo. To amma inda shirin ya yi min daɗi shi ne ɓangaren Harald Jäger, hafsan da ke riƙe da mashigar Bornholmer a daren. Yana cin abincin dare ya ga maganar a talabijin, kafin ka ce me jama'a sun fara taruwa a bakin ƙofa, ya yi ta buga waya sama ba wanda ya ba shi umarni tsayayye, kowa na gudun a ce shi ne, mutane kuma sai ƙaruwa suke har suka kai dubbai, ga yaransa da bindigogi. Wajen sha ɗaya da rabi na dare ya ce a buɗe kawai. Katangar da ta tsaya tun 13 ga Agusta 1961, shekara 28, mutum ɗaya da ya gaji da jiran oga. A littafi layi ɗaya za ka gani an wuce, amma in kana jin dattijo yana faɗa da bakinsa yana tsayawa yana haɗiyar yawu, kai ma sai ka ji zufar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na Canobil kuwa sau uku na saurara. Tashar nukiliya ce a Yukiren lokacin tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, ta fashe da tsakar dare 26 ga Afrilu 1986, kuma garin ma'aikatan, Pripyat, bai fi kilomita uku daga wurin ba. Gari ya waye Asabar yara suka tafi makaranta, har bukukuwan aure aka yi a ranar, ba wanda ya ce musu komai. Sai washegari da rana aka jero motocin bas aka ce kowa ya ɗauki takardunsa da ɗan abin buƙata, kwana uku za a yi a dawo. Mutum kusan dubu 50, har yau ba su dawo ba. Matan da aka yi hira da su ba zancen injin suke ba, zancen shanyar da suka bari a igiya suke, da kyanwa da kare da aka hana su shiga mota da su. Ni wannan shanyar ce ta tsaya min a rai, da na koma gida na ga ta maiɗakina a tsakar gida sai da na tsaya ina kallo kamar wani sabon abu. Kuma duniya ba ta ji daga bakin Mosko ba sai da na'urorin wata tashar nukiliya a Suwidin suka nuna gubar ta iso can ranar 28 ga wata.

Na Hiroshima ban iya ƙarasawa a sifika ba, akwai ƙananan yara biyu masu koyon aiki, da aka zo wajen mutanen da fatarsu ta saluɓe suna roƙon ruwa na kashe na koma iyafis. 6 ga Agusta 1945, ƙarfe 8:15 na safe Amurka ta jefa wa birnin bom ɗin nukiliya. A ciki na fara jin labarin Tsutomu Yamaguchi, injiniyan da aiki ya kai shi Hiroshima bom ya same shi, ya lallaɓa ya koma garinsu Nagasaki da ƙuna a jiki, ranar 9 ga wata yana ofis yana ba ogansa labari na biyun ya sauka. Ya rayu har 2010, shekara 93. Allah mai iko, in kwana bai ƙare ba.

Ranar da shago ya cika kuwa ita ce ranar da na kunna na mamaye Harami. 20 ga Nuwamba 1979, daidai da 1 ga Muharram 1400, bayan sallar asuba Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka fito da makamai suka rufe ƙofofin masallaci suka ce surukinsa ne Mahadi, aka yi sati biyu ana ɗauki ba daɗi har cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, daga baya aka zartar wa 63 hukuncin kisa a Janairun 1980. Ina ji ina fassara wa mutane, maƙwabcina mai sai da zare da maɓalli ya baro shagonsa, wani dattijo da ya kawo gyaran babbar riga ya ce shi ya tuna sarai, a rediyo suka ji, alhazansu ba su gama dawowa ba a lokacin, gidansu aka yi kwanaki ba a ci abincin kirki ba. Na ce Baba ai da kai ya kamata su zo su ɗauka. Ranar ɗinki biyu kawai na haɗa.

To yanzu ga ƙorafina. Na farko idan mai maganar ba da Turanci yake yi ba, daƙiƙa biyar kawai za ka ji muryarsa sai mai fassara ya hau kai ya danne, wata muryar ƙwalisa mai santsi kamar ta masu tallan sabulu, tsohuwa na kuka a ƙasa shi yana karantawa ko a jikinsa. Ga kiɗan tausayi da suke cusawa, ba a buƙatarsa ko kaɗan. Na biyu saukewa don ji ba data, sau da yawa zai kai kusan ƙarshe ya tsaya ya koma farko, na yi asarar data ba kaɗan ba kafin na gane sai da asuba yake tafiya lafiya. Na uku ba sa tuna maka wata ya ƙare, alat kawai na gani an cire, na tura saƙo aka yi kwana huɗu kafin a ba ni amsar da ba ta da alaƙa da tambayata.

Amma wanda ya fi ci min rai daban ne. Na duba jerin shirye-shiryen yaƙin duniya na biyu kaf, Turai ce da Amurka da Japan, ban ga ko ɗaya a kan sojojinmu da aka kai Boma ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, su suka yi ta fama da Japanawa a dazukan Kaladan da Arakan daga 1943 zuwa 1945, har barikin Myohaung da ke Legas sunan wurin da suka gwabza ne a can. Ƙanin kakanmu yana cikinsu. Muna yara yakan zauna a zaure ya naɗe wando ya nuna mana tabo a ƙwaurinsa, yana ba da labarin jirgin ruwa zuwa Indiya, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi sai ka cire ka ga jini, da kayan da suke ɗauka a ka cikin dutse inda mota ba ta shiga. Mu kuwa dariya muke mu ce tsoho ya fara, mu gudu ƙwallo. Akwai rikoda a gidan fa, kaset ɗin waƙa muke sawa. Ya rasu ina aji biyu a sakandare, Allah ya jiƙansa, abin da na riƙe daga labarinsa bai fi wannan da na rubuta ba.

In kana jin Turanci ko da tsinta-tsinta ne kuma aikinka na zama ne irin nawa, kuɗin bai yi yawa ba, bai kai abin da nake ƙonawa a TikTok a sati ba. In ba ka ji kuwa kar ka wahalar da kanka, babu Hausa babu Larabci. Ni dai na bar su su cire na wata na huɗu, saboda akwai na sakin Mandela a 1990 da na raba Indiya da Pakistan a 1947 da ban kai kansu ba, kuma dattijon nan mai babbar riga ya ce in ya zo karɓa ranar Laraba sai na sake kunna masa na Harami daga farko.