Kisasi ko Diyya: Zaɓin Magadan Wanda Aka Kashe

In an kashe mutum da gangan, magadansa na iya neman kisasi, ko su yafe a biya su diyya. Kisasi rai ne a bakin rai. Aya ta 179 cikin Suratul Baƙara ta bayyana manufarsa: kare rayuka da tsayar da ramuwar gayya tsakanin dangi. Ba ya tabbata sai da iƙirari, ko shaidu biyu adalai, ko ƙasama, wato rantsuwa hamsin da dangin wanda aka kashe ke yi, kuma hukuma kaɗai ke zartarwa. In aka zartar da shi bisa shaidar zur, babu gyara.

Diyya kuwa, wato dukiyar da ake biyan magada, raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. A kisan ganganci makashin ke biya daga aljihunsa, a kuskure danginsa cikin shekara uku. Diyya ta fi kisasi amfanar marayu. Malikiyya sun ƙara wa makashin da aka yafe wa bulala 100 da ɗaurin shekara, amma a wurinsu kisan gilla, wato kashe mutum ta hanyar yaudara, ba ya karɓar afuwa.