Igiyar goge bututun bindiga ta Hoppe's BoreSnake: amfaninta da iyakarta

Maharban Garwa da Marwa masu bindiga mai lamba 12 (lambar da ke nuna faɗin bututu), wannan igiya ta cancanci kuɗinta. Dunƙulen tagulla ne a kanta, buroshi a tsakiya, sai jela mai kauri da ke share datti.

Kafin komai a karya bindigar, wato a buɗe ta, a zare harsashi, a leƙa bututun da ido. A ɗiga maganin wanke bindiga kaɗan a kan buroshin, a saki dunƙulen ta inda harsashi ke shiga, ya faɗo ta baki, sannan a ja a hankali ba fizga ba. Sau biyu ko uku ya isa ya kwashe baƙin albarushi.

Amma a kula da lamba. Faɗin bututun mai lamba 12 kusan milimita 18.5 ne, igiyarsa in aka cusa ta a mai lamba 20, wanda bai kai shi faɗi ba, za ta maƙale, ta kuma iya tsinkewa a ciki. Robar harsashi da dalmar da ke mannewa kusa da baki kuwa ba ta iya ciro su duka, dole sai da sanda da buroshi.

Babbar matsalarmu ƙurar hunturu ce. Igiyar da ta sha yashi tana kankare cikin bututun, don haka a wanke ta da sabulu, ta bushe sarai, a ajiye ta a leda. Man bindiga kuwa ɗigo biyu a jela ya wadatar. Kada a sa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya kama ƙura.