Dattijon da ya ƙi karɓar kuɗina, ya tura ni sikeli

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na buɗe ƙofar motata sai idona ya kai kan wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sai in tuna ranar da kunya ta rufe ni a gaban ɗana.

Tun da na zo jihar Kwalarado a Amurka nake ganin mutane suna shirya a-kori-kura su nausa daji da iyalinsu su kwana biyu ko uku. Dazukan gwamnatin tarayya ne, a hannun wata hukuma da aka kafa tun 1905, kuma a yawancinsu kana iya kafa tantinka kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya, muddin ka tsaya kan hanyoyin da taswirar hukumar ta yarda mota ta bi. Abin ya shiga raina. Na tara kuɗi na sayi Toyota Tacoma ta hannu mai fowil, domin a nan ba a sayar da sabuwar Hilux, tun 1995 Tacoma ta maye gurbinta. Daga nan na zauna na rubuta abin da nake so a sa mata: bambar ƙarfe da injin ja (mai fitar da mota idan ta kafe) a gaba, tantin da ake ɗorawa a sama da girkensa na ƙarfe, durowoyi a bodi, firji, tankin ruwa. Na ɗauki yarona muka tafi wani gareji da ba su da sana'a sai wannan, da kuɗina a shirye.

Wani dattijo mai furfura ya karɓi takardar ya karanta a tsanake. Bai ce mini komai kan farashi ba. Tambayarsa ta farko ita ce mu nawa ne za mu shiga motar. Na ce mu huɗu. Ya ce in biyo shi. Ya buɗe ƙofar direba ya ɗora yatsa kan takardar nan, ya ce in karanta da kaina. An rubuta cewa mutane da kaya gaba ɗaya kada su wuce fam 1,150, wato kilo 520 da 'yan kai. Ya zaro biro ya juya bayan takardata ya fara lissafi. Ni da maiɗakina da yara biyu, kilo 210. Tanti da girkensa, 110. Bamba da injin ja, 90. Durowoyi, 70. Firji cike, 40. Ruwa lita 60, kilo 60. Ya ja layi ya rubuta 580, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Abokina, ba mu sa shebur ba, ba mu sa bargo ko tukunya ɗaya ba, ka riga ka wuce."

Na ce masa a ƙasarmu irin wannan motar tana ɗaukar ninkin haka, ta yi tafiyar yini guda ba abin da ya same ta. Na ce ya ƙara mata sifirin a baya kawai. Wallahi da ƙarfin gwiwa na faɗa, don haka na taso na ga ana yi. Ya girgiza kai. Ya ce sifirin zai hana bayan motar zama ne kawai, amma birki na nan yadda yake, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya na nan yadda yake, kuma a gangaren dutse birki ne ke zafi har ya daina kamawa. Ya ƙara da cewa duk nauyin da aka ɗora a sama yana sa mota saurin kifewa idan hanya ta karkata. Sai ya dubi yarona, ya sake dubana, ya ce ba zai sa mini kayan nan duka ba ko da zan ninka kuɗin. Mutane biyu na tsaye suna ji. Na ji gumi na bin bayana.

Na fita da fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina cewa raini ne. A rana ta uku na bi shawarar da ya ba ni ta in je in auna motar, na je sikelin manyan motoci a wani gidan mai, na hau da iyalina da kayan kwana kaɗan. Da na ga takardar sikelin jikina ya yi sanyi. Nauyin da ya rage mini in ɗora bai kai rabin nauyin abin da na rubuta ba.

Ku duba fa, mutumin nan ciniki ya kora da hannunsa. Na yi ta juya wannan a raina, ina tuna sau nawa na tsaya a gareji a gida na ce a yi kaza, bakanike ya ce "an gama, ranka ya daɗe", ko da ya san abin ba daidai ba ne, don kada in tafi wurin wani. Mu masu motocin ma mun fi su laifi, domin ba ma son a ce mana a'a. A lafta wa mota lodi har bodinta ya kusa taɓa taya, fitilun gaba na haska sama, mutane su hau kan lodin, a ce Allah ya kiyaye hanya. Addu'a gaskiya ce, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mutum nawa muka binne saboda birki ya shanye a gangara, muka ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya tambayi nauyin da ke kan motar?

Da na koma, dattijon bai nuna ya tuna gardamarmu ba. Ya ce mu fara da taya, ya sa mini masu kaurin gefe da dutse ba ya saurin yankawa, har da safaya irinsu. Ya sa faranti a ƙarƙashin inji da tankin mai. Ya ɗaura maƙalai biyu masu ƙarfi a jikin firam, ya gargaɗe ni kada in taɓa ɗaura igiyar ja a ƙwallon nan na jan tirela, don yana karyewa ya tashi kamar harsashi, ya sha kashe mutane. Ya ba ni ƙaramin injin iska, ya koya mini in rage iskar taya zuwa wajen 18 a ma'aunin iska na PSI idan na bar kwalta, don tayar ta baje ta kama ƙasa, in mayar da ita idan na fito. Tanti kuwa na ƙasa ya ce in saya, mara nauyi. Injin ja ya ce a bari tukuna.

Amma kada ku ɗauka komai daɗi ne. Sai da na jira mako uku kafin su ba ni ranar aiki. Awa-awa suke lissafa kuɗin hannu, ko ƙusa ɗaya aka juya sai ta fito a takarda. Da wani ƙaramin ƙarfe ya tsage a bodi, na ce a ɗan yi masa walda, suka ce sai dai a sauya, a jira a kawo sabo nan da kwana goma. Nan na yi kewar mai waldar gida, wanda zai tsuguna ya gama maka kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin, da bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne. Hannun mutanenmu akwai basira, wannan ko shakka babu. Lissafi da faɗin gaskiya ga mai kuɗi ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Mun shiga dajin San Isabel a ƙarshen mako. An hana hura wuta a lokacin saboda fari, sai murhun gas. Mun kafa tanti nesa da rafi kamar mita 60 yadda suke so, abinci kuma muka kulle shi a mota saboda dabbar nan da suke kira beya. Babu sabis na waya, babu kowa. Motar ta kafe a taɓo sau ɗaya, na yi awa guda ni kaɗai da shebur, ina tuna yadda a gida kafin ka fito daga mota matasa goma sun riga sun kama turi. Da dare ya yi, yara suka yi barci, na zauna ina sauraron iska a cikin itatuwa, ba na tsoron kowa. Sai hawaye ya zo mini, don dazukanmu ba su gaza wannan kyau ba, amma yau wa zai kai matarsa da 'ya'yansa su kwana a ciki?

Da muka fito na kira ƙanena, wanda da a-kori-kura yake ci da iyalinsa. Na ce, "Ƙanena, don Allah buɗe ƙofarka ka duba mini ɗan allon da ke faɗin nauyin da motar ke ɗauka." Ya yi shiru yana dubawa, can ya ce, "Yaya, akwai wani abu a wurin, amma mai fenti ya shafe shi tun bara." Na ce ya nemi tina da tsumma ya goge, ina kan layi ina jira.