Firizar ta yi, amma sun hana ni sitabilaizar garabasa

Duk mai niyyar sayen firiza a wani babban shagon kayan lantarki da ke nan cikin Kano saboda garabasar da suke ta tallatawa, dan Allah ya karanta wannan tukuna. Ba zan kama sunan shagon ba tunda maganar tana gaban hukuma yanzu.

Firizar dai babu abin cewa, gaskiya ɗaya ce. Ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, in aka samu wuta ta kwana to da safe komai ya daskare, kuma tana riƙe sanyi sosai ko an ɗauke, ba ta da ƙara. Yaran shagon ma sun ɗora min ita a a-daidaita ba tare da sun nemi ko sisi ba, Allah ya saka musu.

Abin da ya ƙona min rai shi ne kyautar. Fosta ce ƙatuwa a ƙofar shago, haka ma a Facebook ɗinsu, wai duk wanda ya sayi firiza kafin ƙarshen wata za a ba shi sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, kyauta. Wallahi dalilin da ya sa na zo wajensu kenan, don na ga irinta a wani wuri da ɗan sauƙi amma na yi lissafi in na haɗa da kuɗin sitabilaiza nan ɗin ya fi, kuma kowa ya san yadda wutar unguwanninmu take zuwa wani lokaci kamar kyandir, ba mai hankalin da zai jona sabuwar firiza haka kai tsaye. Na tura kuɗi, alat ya shiga, aka rubuta rasit, sai na ce ina kyautar? Yaron ya ce "Hajiya ai ta ƙare." Toh me ya sa fostar take rataye har yanzu, kuma me ya sa ba a faɗa min ba kafin in biya? Da na dawo na samu manajan sai labari ya canza, wai garabasar ta masu biyan tsabar kuɗi ce ban da tiransifa. Na ce "Alhaji nuna min inda aka rubuta haka." Babu. Ƙarshe cewa ya yi, "Hajiya kyauta ce fa, ai ba a yin dole a kyauta."

Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna rubutun nan, don mutane da yawa da ita ake rufe musu baki su tafi suna jin kunya kamar sun zo roƙo. In mai tumatir ya ƙi yi miki gyara ba ki da ta cewa, ganin damarsa ne. Amma abin da aka rubuta aka manna don a jawo ki ki saki kuɗinki, ya riga ya shiga cikin ciniki, da shi kika yi lissafi, kuma a cikin ribar firizar suka cire kuɗinsa. Mu Musulmi ma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Musulmai suna kan sharuɗɗansu, kuma wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Doka ma ba ta bar mu haka ba. Akwai hukumar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, ita ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC. Dokar ta haramta talla ta ƙarya ko mai ruɗar da mai saye, ta ce a yi wa mutum bayani a fili yadda zai gane, kuma a ba shi shaidar ciniki a rubuce. Garabasa irin wannan ma ana yi mata rajista ne a wajen hukumar, ba wai mutum ya buga fosta kawai ya fito da sharaɗi daga aljihu bayan an biya ba. Jihar Kano ita ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayayya.

Abin da ya taimake ni, na ɗauki hoton fostar da kwanan watan a jiki, na yi sikirinshot na tallan Facebook kafin su goge, ga rasit ga alat ɗin banki. Ɗana ya cike min ƙorafi a shafin FCCPC na intanet ya haɗa hotunan duka. In za ku je, ku sa a rubuta kyautar a jikin rasit kafin ku tura ko kwabo, in sun ce ta ƙare ku nemi a rage kuɗinta ko ku fasa.

Firiza na ba ta tauraro huɗu, shagon kuwa ɗaya, shi ma albarkacin yaran da suka yi min dako. Sitabilaiza dole na saya da kuɗina a kasuwar Sabon Gari saboda sana'a ba za ta jira ba, na ajiye rasit ɗinta, kuɗin nan nake nema su biya ni.