Rusau Ko Gyara A Wuri: Wanne Ya Dace Da Unguwa?

Duk sanda hukuma ta shafa wa gidaje jan fenti, sai a yi ta tambayata: a rushe unguwa a sake zana ta daga ofis, ko a gyara ta mutanenta suna ciki?

Wajen kuɗi, rusau ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga diyya, ga sabon fili, ga jawo ruwa da wuta. Gyara a wuri lungu-lungu ake yin sa. A Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun shekarun 1980 mazauna kowane layi ke haɗa kuɗi su shimfiɗa bututun magudana, manyan magudanai su zama na hukuma. Sai dai yana cin lokaci, taro kan taro, kuma ba a rasa wanda zai ce kar a taɓa masa katanga.

Haɗarin rusau kuwa ba ya fitowa a takardar zane. Da aka share Maroko ta Legas a 1990, dubun dubatar mutane suka watse, wurin ya koma na masu hannu da shuni. Abuja ma titunanta sun tsaru, amma direba da mai gadi daga Nyanya da Mararaba suke sammako. Ka ɗauke mai shayi daga bakin tasha, ka karya masa jari.

Tsarin ofis ya dace da sabon fili da ba a zauna ba, da gidajen da suka toshe hanyar ruwa. Tsohuwar unguwa mai kasuwa da masallaci da maƙabartarta, irin lungunan cikin birnin Kano, gyara a wuri ya fi mata.