Ɗakin tuƙin masuntan Norwe da direbanmu da ke bayan buhuna

Jama'ar Yawuri da Baga, abin da ya fi tsaya mini a rai a tashoshin masunta na Lofoten, arewacin Norwe, shi ne ɗakin tuƙi. Jiragensu da ake kira sjark ƙanana ne, da yawa ba su kai mita 11 ba, mutum ɗaya ko biyu ke fita da su cikin hunturu. Duk tsarin ɗakin an yi shi ne don mutumin da ya gaji, yatsunsa sun sandare da sanyi.

A da yawa daga cikinsu gilashin gaba samansa ya karkato waje, don kada hasken na'urori ya dawo a kansa da dare ya rufe wa matuƙi hanya. Fitilar ciki ja ce mai rauni. Ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake mayar da shi baya. Daga kan kujera hannu na kai wa sitiyari da totur da rediyon VHF na magana da sauran jirage, wanda ke kan tasha ta 16 ta neman agaji. Kamfas mai nuna alƙibla na nesa da lasifika, saboda maganaɗisu na karkatar da allura. Ko'ina da abin kamawa, kusurwoyi duk an dakusar da su, don igiyar ruwa kan jefa mutum.

Wanda ya fi burge ni: akwai totur da sitiyari na biyu a waje, daf da injin jan koma, da maɓallin tsayarwa. In igiya ta naɗe hannu, ba sai an ruga ɗaki ba.

To mu fa? Direba na can baya riƙe da inji, an jibge masa buhuna da babura a gaba har ba ya ganin hancin jirgi. Yaron da ke gaba na haska tocila a fuskarsa, ga kututturan Kainji a ƙarƙashin ruwa. Wallahi abin na ci mini rai, don ina kewar ruwan nan, kuma gyaran ba na kuɗi ba ne. A rage tsayin kaya a tsakiya, a ɗaga mazaunin direba, tocila ta kalli ruwa. Jar igiyar nan da ke zuwa da injin Yamaha, wadda ake naɗewa a hannun inji a manta, a jikin direba ake ɗaura ta. In ya faɗa ruwa sai ta fizge, inji ya mutu, jirgi ba zai juyo masa da farfela ba.