Jirgin ɗalibai zuwa Antaktika: abin da suka iya da abin da ya rage musu

A Yawuri na tashi, bakin Kwara, kuma tun ban kai shekara goma ba nake tuƙa kwale-kwalen Baba. Tun da na dawo daga tafiyar ɗalibai zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, tafiyar da na samu gurbinta ta hanyar tallafi, abokan karatuna a Aliero ke tambayata ko ta cancanci wahalar cike takardu da neman bizar Ajantina. Ta cancanta, amma akwai gyara.

Daga Ushuwaya muka tashi, can ƙarshen kudancin Ajantina, a watan Disamba, lokacin da sanyinsu ya yi sauƙi. Abin da ya fara shiga raina ba ƙanƙara ba ce. Kafin jirgi ya motsa sai da aka tara mu duka, kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa, aka kira suna ɗaya bayan ɗaya, aka nuna wa kowa jirgin ceton da zai shiga in wani abu ya faru. Wata yarinya ta ɗaura tata ba daidai ba, ma'aikacin ya tsaya har ta gyara. Ina tsaye a layin nan na tuna jirgin da ya kife da mutanenmu kusa da Wara a 2021, wallahi sai da na share hawaye. Duk shigar da muka yi ƙaramin kwale-kwalen roba bayan haka, ba a taɓa barin mutum ɗaya ya taka shi babu rigar ba, ko malami ne.

Mashigin Drake, tekun da ke tsakanin Kudancin Amurka da Antaktika, ya kai kusan kilomita 800, kwana biyu muna ƙetare shi. Igiyarsa ba irin ta kogi ba ce, ta ɗaga jirgi ta sauke ba hutawa, kuma na yi jiri da amai kamar kowa. Likitar jirgin ta kyauta mana, ɗaki-ɗaki take bi da magani. A nan ne masu shirya tafiyar suka yi kuskurensu na farko: manyan darussa sun zuba su a waɗannan kwanakin, lokacin da yawancinmu ke kwance, kuma ba su naɗa ba balle a saurara daga baya.

Amma da muka shiga tsakanin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a kan teku, koyarwar ta zama wata aba daban. Malamar da ke jan kwale-kwalenmu ta kashe inji nesa da wani tsauni mai launin shuɗi, ta ce abin da muke gani wajen kashi ɗaya ne cikin goma, sauran yana ƙarƙashin ruwa, kuma yakan juya ba sallama, shi ya sa ba a matsa masa. Ta tsamo wani guntu ta ce in kara a kunne. Sai na ji yana ƙas-ƙas: iskar da ta maƙale a ciki tun dusar ƙanƙarar tana zuba, shekaru aru-aru, ita ke fita. Na lasa, babu gishiri ko kaɗan, ga mu kuwa a tsakiyar teku.

Ni da nake karantar kiwon kifi, darasin kiril ya fi kama ni. Wata 'yar halitta ce kamar jatan lande, ba ta wuce ɗan yatsa ba, amma da ita fengwin, tsuntsun tekun nan da ba ya tashi sama, ke rayuwa, har kashinsa ya koma ja-ja, warinsa kuwa tun daga ruwa kake jin sa. Da ita kuma wel ke cika ciki, dabbar da ta fi kwale-kwalenmu tsawo nesa ba kusa ba, wadda ta fito ta yi numfashi a gefenmu. Na ba malamin labarin taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi a wajenmu, ya sa na maimaita wa ɗalibai duka da dare.

Dokokinsu ba wasa. Ana zuƙe ƙurar aljihu da inji don kada ƙwayar ciyawa ta bi ka, ana wanke takalma kafin sauka da bayan dawowa, mutum ba ya matsar fengwin ƙasa da mita 5, kuma ba a wuce mutum 100 a tudu lokaci guda. Ko tsakuwa ba a ɗauka.

Inda suka gaza sosai shi ne ba su shirya wa Musulmi ba. Rana takan faɗi na ɗan lokaci amma gari ba ya duhu, ba ka gane isha balle asuba. Allah ya sa na tambayi malaminmu tun a gida, ya ce in bi lokutan gari mafi kusa da ake samun dare. Alƙibla kuwa wani matuƙi ne ke duba mini, don kirkinsa kawai. Na rubuta a takarda cewa ba na cin naman alade, duk da haka sau biyu sai da na mayar da faranti, na ƙare da kifi, ƙwai da shinkafa. Na rubuta musu wannan a takardar jin ra'ayi, har da shawarar su ware ɗan wurin salla.

Wanda zai nema ya fara bizar da wuri, ya sayi safar ulu da tabarau mai duhu, don hasken ƙanƙara yana cin ido. Kilishi kuwa a bar shi gida, ba a shiga Ajantina da nama.